Ƙwallon Goruba a Bayan Rigar Inna

Inna ta kusa shekara talatin tana suyar ƙosai a ɗakin girkinmu na Bazaga, ɗakin da ko taga babu. Hayaƙin kara ya shige ƙirjinta ya yi zaune. Da tari ya matsa mata, likita a Konni ya duba hoton ƙirjin ya ce hanyoyin iskar huhunta sun ƙuntace, ba za su koma daidai ba, sai dai a lallaɓa su. Ya rubuta mata maganin shaƙa, muka ɗauka iyakar ciwon ke nan.

Da kaka na zo daga Illela, inda nake aure, don in taya ta aikin wake. A nan na ga abin da ban gane ba. Muna cikin ɓarar wake, tana ba ni labari, sai kanta ya langaɓe, ƙwarya ta zame daga cinyarta. Kullum da ciwon kai take tashi. Na gaya wa yayana, ya ce tsufa ne, in bar ta ta huta.

Wata rana bayan azahar ta kwanta rigingine a ƙarƙashin rumfa. Minsharinta ya cika tsakar gida, can sai ya yanke. Na matso. Ƙirjinta na ɗagawa, amma babu iskar da ke shiga, leɓunanta sun yi duhu. Ina shirin girgiza ta sai ta ja numfashi da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta ci gaba da barci. Kafin la'asar ta yi haka ya fi a ƙirga. Na ɗauko wayata na naɗi sautin.

Da ta farka na kunna mata.

"Wane ne wanga?" ta ce.

"Ke ce, Inna."

"Ni ba ni minshari, ɗiyata."

"To, gobe mu je Konni ki faɗa wa likita haka."

Amalanke ya fitar da mu bakin hanya, muka shiga mota. Likitar da muka tarar mace ce. Ta saurari sautin sau biyu, sannan ta ce maƙogwaron Inna ne ke rufewa cikin barci. Ga mai lafiyar huhu ma abin wahala ne, balle ga wadda huhunta ya riga ya raunana. Idan biyun suka haɗu, zuciya ce ke ɗaukar nauyin. Ta ce gwajin da zai tabbatar sai a Yamai. Kafin nan Inna ta riƙa kwanciya a gefe, a ɗaga mata kai, ta nisanci hayaƙi, kada ta sha maganin barci ko na tari mai sa gyangyaɗi.

A ranar na fitar da murhu tsakar gida, na miƙa wa matar yayana kaskon suya. Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata da kyau. Kwanciyar gefen ma ta gagara, da barci ya ɗauke ta sai ta mirgina. Na samo ƙwallon goruba na ɗinke shi a bayan rigar barcinta, yadda in ta juya zai tokare ta. Ta farke ɗinkin sau biyu. Na sake ɗinkewa, na ninka zaren.

"Ke kam taurin kanki na ubanki ne," ta ce.

"Naki ne, Inna."

Yayana ne ya fi ba ni wuya a kan maganar zuwa gwajin. Sai da na zaunar da shi kusa da ita wani yammaci ya ga yankewar numfashin da idonsa. Shi ya raka mu Yamai bayan an gama girbi.

Gwaji ya tabbatar da maganar likita. Aka haɗa Inna da na'urar da ke hura mata iska ta hanci lokacin barci, kuma da yake na'urar tana buƙatar wutar lantarki, na dawo da Inna wurina Illela. Makon farko ta ce takunkumi ne, ita ba raƙumi ba ce. Ta cire, in mayar. Tarin yana nan, tana haki in ta yi tafiya mai nisa, amma ciwon kan safe ya tafi. Yanzu ita ke wanke robar hancin da kanta, ta shanya ta a inuwa, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa.