Lallen da Na Ƙunsa wa Malama

Ni mai lalle ce. Tun ina budurwa nake ƙunsa wa matan Samaru, amare da masu jego da 'yan jami'a masu son gayu, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Da mijina ya rasu aka gwada jinina aka ce ina ɗauke da ƙanjamau, rabin masu zuwa wurina suka ɗauke ƙafa, wai kada in shafa musu a tafin hannu. Jahilci dai! Ban bi kowa da roƙo ba. Na ɗauki kwanona na koma yi wa waɗanda ba sa ƙyamata.

Su ne matan ƙungiyarmu ta masu ɗauke da cutar. A shekarun da maganin ya fara samuwa kyauta, duk Asabar da hantsi muna haɗuwa a wani ɗaki bayan wani ɗan asibiti a Sabon Gari, wajen layin dogo. Ɗakin ba shi da allon suna a ƙofa. Kowa ta ƙofar baya yake shigowa yana waige-waige, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, duk benci ɗaya. Wani makon sai ka ga gurbin mutum babu kowa, kuma ba mai tambaya, sai dai a ɗan matsa a cike wurin. Mai kula da mu wata dattijuwar nas ce, haifaffiyar Sabon Gari, muna ce mata Mama Nas.

A nan na san Malama. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana koyarwa a wata firamare kusa da gidanmu, siririya mai yawan dariya. Bas ɗaya muke shiga mu tafi, bas ɗaya mu dawo, har ta koma ce mini Yaya. Da ta auri wani ɗan ƙungiyar, direban babbar mota mai zuwa Kudu, ni na yi mata lallen biki, ta tare a gidansa a Sabon Gari.

Duk wata Mama Nas takan dire kwalin kwaroron roba a kan tebur, maza su yi ta ƙyaƙyatawa. Mijin Malama ne ya taɓa ce mata, "Haba Mama, ni ina da shi, ita tana da shi. Me kuma ya rage da za mu kare?"

Ta ce, "Ku a tunaninku ƙanjamau ne kaɗai ciwo a duniya? Akwai waɗanda ake ɗauka ta kwanciya, kuma jikinku ya fi na kowa saurin karɓarsu."

Muka yi dariya, har da ni. Wallahi a lokacin ciwo ɗaya muka sani. Duk wani abin da ya fito wa mutum a ƙasan cibiya, sanyi muke ce masa, mu ce a banɗaki aka kwaso, a sha jiƙo a wuce wurin.

Sai Malama ta samu ciki. Kai, ban taɓa ganin mace ta ɗora ranta a kan abu kamar yadda ta ɗora a kan cikin nan ba. An gaya mata idan ta riƙe magani ba fashi, ana sa ran yaron zai fito lafiya bai ɗauki cutar ba. Ta sayi agogon hannu saboda haka kawai. Ko a cikin bas take, lokaci na yi za ta ciro ƙwaya ta haɗiye da ruwan leda. A awon farko an ɗebi jininta an yi gwaje-gwaje, aka ce ban da abin da aka sani babu komai. Abu ɗaya ne yake firgita ta. Akwai wata a cikinmu da maganin ya feso wa ƙuraje, aka tsayar mata da shi aka sauya wani. Malama ta riƙe rabin labarin, wato an tsayar, ta manta da cewa an sauya.

Wata Laraba da azahar, cikin yana wata shida, ta shigo gidana ba sallama. Hannayenta duka biyu suna cikin gyale. Ta zauna a bakin tabarma, ta jira na kora yara waje, sannan ta buɗe.

Tabo ne a tafukan, zagaye-zagaye, ja mai duhu kamar tsohon kwabo, wajen goma a kowane hannu. Ba ruwa, ba ƙurji, a bushe suke. Ta tuɓe takalmi, tafin ƙafa ma haka. Na shekara ashirin ina kallon tafin hannun mata, na ga kirci, na ga ƙazuwa, na ga ƙuna, ban taɓa ganin abin da ya zauna tsaf haka ba, kamar da gangan aka jera shi.

Na ce, "Yana ƙaiƙayi?"

"Ko kaɗan."

"Zafi fa?"

"Babu, Yaya. Da safe kawai na gan su." Ta matso. "Gobe ina da awo. Idan suka gani za su ce maganin ne, su tsayar mini. In suka tsayar ya ɗauka. Ki rufe mini."

Na ce mata ta je ta nuna wa Mama Nas. Na faɗa, Allah ne shaidata, amma sau ɗaya na faɗa, kuma da sanyin murya. Ta fashe da kuka, ta kama ƙafata, ta ce wata uku ne kawai suka rage, in ta haihu kowa ya gani. Ni da nake da baki kamar reza, ranar sai na biye mata. Na ce a raina wataƙila sanyi ne ya fito ta fata. Na tashi na kwaɓa lalle.

Ba zane na yi mata ba. Ƙunshin tsofaffi na yi, irin wanda ake dumbuza wa tafi gaba ɗaya har gefe, na naɗe da leda na ɗaure da tsumma. Ina shafawa ina jin tabon a ƙarƙashin yatsana, ɗan tudu-tudu, kuma hannun nata sanyi ƙalau alhali rana tana dukan kwanon ɗakin. Gidan ya yi tsit. Muna zaune muna jiran lalle ya kama, hannu da ƙafa a ɗaure, ta ce mini watannin baya maigidanta ya dawo daga tafiya da wani ɗan miki a gabansa.

Na ce, "Ya je asibiti?"

Ta ce, "A kan me? Bai yi masa ciwo ba ko sau ɗaya. Da kansa ya warke."

Da la'asar na kwance. Lallen ya kama ja wur, amma a kan kowane tabo ya fi duhu, sai ga su sun fito fiye da da, suna kallonmu ta cikin jan. Malama ta ce, "Yesu!" Na sake kwaɓa wani na maimaita, sannan na bi da dayis, baƙin nan, har tafin ya koma baƙi ƙirin. Ta juya hannun a haske ta yi ajiyar zuciya. Ni kuwa na wanke kwanon sau uku, ban san dalili ba.

Awo ya wuce lafiya, har ma'aikaciyar ta yaba ƙunshin. Ranar Asabar Mama Nas ta kama hannun Malama za ta gaishe ta, sai ta tsaya, ta juya shi.

"Wa ya yi wa yarinya ƙunshin kakanni?"

Na ce, "Ni ce, Mama. Yayi ne ya dawo."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta saki hannun. Da ta ƙara tambaya ɗaya da na faɗa, amma ba ta ƙara ba, ni kuma na ji daɗin hakan.

Sau biyu na sabunta mata. A karo na uku ta zo tana dariya tun daga zaure, ta miƙo hannu. Inda lallen ya koɗe fata ta fito sumul, babu tabo ko ɗaya. Sun tafi yadda suka zo, ba wanda ya ba su magani. Ta ce, "Kin gani ko, Yaya? Da na nuna da yanzu sun tsayar mini a banza." Na taya ta murna. Sai dai da ta gyara ɗankwali na hango gashinta ya zube wuri-wuri, kamar ɓera ya gaigaya. Ta ce ciki ne. Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Cikin yana wata takwas ta yi fashin Asabar, abin da ba ta taɓa yi ba. Da aka tashi daga taron na wuce gidanta. Tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa ne, dogon layi, rabinsu ba kowa, ciyawa ta cinye dogon da ke bayansu. Tsakar rana ce amma ko kaza ban gani ba. Mijin yana hanya. Na yi sallama sau uku kafin na ji ta ce in shigo.

Tana zaune a bakin gado ta yi wanka ta yi kwalliya. Ta baje kayan jariri a kan katifa, duk an goge, riguna a jere, huluna a jere, har da 'yan safa. Ta yi mini murmushi, ta jawo hannuna ta ɗora a kan cikin.

"Kin ji shi?"

Ban ji komai ba. Na haifi huɗu, na san yadda ciki mai rai yake amsa hannu. Wannan nauyi ne kawai, kamar ƙullin gari a zani. Na matsar da hannun gefe, na danna, na jira.

Na ce, "Malama, yaushe rabon da ya motsa?"

"Yau kwana uku yana barci," in ji ta. "Yaro ne mai haƙuri. Ba ya son ya dame ni." Ta duba agogo, ta ɗauko ƙwaya ta haɗiye, tana ta murmushin nan.

Na daka mata tsawa, abin da ya kamata in yi tun ranar Larabar can. Na ce ta tashi ko in ɗauke ta. Ba ta yi musu ba, ta bi ni kamar ƙaramar yarinya, muka tari tasi a bakin titi zuwa asibitin da muke taro.

Mama Nas ba ta riga ta tafi ba. Ta kwantar da ita, ta kafa ɗan ƙahon nan da suke sauraren ciki da shi, ta manna kunne. Ta matsar. Ta sake matsarwa. Ba abin da ake ji a ɗakin sai agogon bango. Da ta ɗago ba cikin ta kalla ba, hannun Malama ta ɗauka, inda sauran baƙin ya rage a farce, sannan ta juyo gare ni.

"Me kika rufe?"

Na faɗa mata duka, tabon, da mikin mijin, da gashin. Na so ta zage ni, ta mare ni ma. Ba ta yi ba. Ta zauna a kujera kamar an zare mata laka, ta ce a ɗebi jini, amma ita ta riga ta sani.

"Tunjere ne, irin ciwon da ake ɗauka ta kwanciya," ta ce a hankali. "Ba maganinta ba ne ya kawo tabon, ba kuma sanyin banɗaki ba. Haka yake, ya fito ba zafi, ya ɓuya da kansa, yana ciki yana aiki, ya bi jini ya sami yaro. Allura ce maganinsa, 'yar nan. Allura. Tana cikin kabad ɗin can tun kafin ki kwaɓa lallenki."

Na kalli kabad ɗin. Fari ne, ƙofarsa ma ba ta rufuwa sosai.

Gwaji ya tabbatar. Daga baya an yi wa Malama allurar, an yi wa mijin da ya dawo, ni ma an gwada ni saboda na taɓa tabon da hannu, aka ce ban ɗauka ba. Mijin bai sake yin dariyar kwalin Mama ba, sauran mazan ma haka, na ɗan lokaci. Amma wannan duk daga baya ne.

Washegari da rana aka sa mata ruwan naƙuda ta haihu. Namiji ne. Ina tsaye a baranda Mama Nas ta fito da shi a naɗe cikin zani, ta kira ni gefe. Ta buɗe ɗan hannunsa da yatsa ɗaya. Fatar tafin ta saluɓe, haka ma tafin ƙafar. Na yi kuka a rayuwata, na binne miji, amma ban taɓa jin na tsani hannuna ba sai ranar.

Ta ce, "Shiga, tana nemanki."

Malama tana kwance, idonta a bushe, agogon yana hannunta. An gaya mata yaron bai zo da rai ba, an gaya mata dalili, ta gyaɗa kai kamar ta fahimta. Na zauna a gefen gadon na rasa ta inda zan fara neman gafara. Ita ta riga ni magana.

"Yaya, ki gaya mini gaskiya. Bai ɗauki ƙanjamau ba ko? Ban taɓa tsallake ko ƙwaya ɗaya ba."

Ba wanda ya gwada shi, ba wanda zai taɓa sani. Na ce, "Bai ɗauka ba, Malama."

Ta ce, "Na gode wa Allah." Ta yi murmushi, ta juya fuskarta bango.