Ba Waya Ce Ta Sanƙarar da Wuyan Rukayya Ba

Rukayya, 'yata ta fari, ta rasu ranar Talata, mako uku kafin azumin da ya wuce, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a cikin mota a kan hanyar Illo zuwa Bagudo. Shekararta takwas. Kanta yana kan cinyata. Ƙanwarta Safiya, mai shekara biyar, tana jikin mahaifiyarsu da irin ciwon.

Tun ranar ban rubuta komai a shafin nan ba. Abin da ya fito da ni yau shi ne maganar da ke yawo a garinmu, wai wayata ce ta kashe yarinyar.

Ga asalin maganar. Ina aiki a Birnin Kebbi, iyalina suna gidan gado a Illo, sai ƙarshen mako nake zuwa. Akwai wata manhaja a wayata: idan ka auna kyamara a kan tabarma, sai dabba ta bayyana a allon wayar, tsaye a kan tabarmar taka. Kana zagayawa kana ganin gefenta da bayanta. Duk Asabar bayan la'asar muke zama da ita a tsakar gida. Rukayya raƙumin dawa take so, Safiya giwa. Na tuna ranar da Rukayya ta ɗaga wayar sama tana neman kan raƙumin, ta ce, "Baba, ashe ya fi zaurenmu tsawo." Ban taɓa samun abin da ya zaunar da ni da 'ya'yana awa biyu cur irinsa ba.

A makon da abin ya faru, na koma aiki ranar Lahadi da safe. Da yamma Rukayya ta fara zazzaɓi da ciwon kai, wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa.

Mahaifiyarsu, Hauwa, ta so kai ta asibiti. A gidanmu, idan miji ba ya nan, mace ba ta fita da yaro sai da izinin babban gida, wato yayana Umaru. Ya dubi yarinyar ya ce, "Wanga ciwon wuya na waya ne. Jiya sun wuni duƙe kan abin ubansu. A shafa mata man zafi, gobe ta miƙe."

Hauwa ta yi ta kirana. A unguwarmu waya takan kama layin ƙasar Benin da ke maƙwabtaka da mu, kira ba ya shiga. Sai Litinin da azahar ta same ni, lokacin Safiya ma ta kwanta.

Ta ce, "Baban Rukayya, ko haske ba ta son gani."

Na ce, "Me Yaya ya ce?"

Ta faɗa mini. Na ce a bi maganarsa zuwa gobe.

Ina so a karanta wannan da kyau. Digiri biyu gare ni. Na san sanƙarau, na san lokacin zafi ne. Nauyin in ƙetare maganar yayana ta waya na ji.

Talata da safe Rukayya ta fara jijjiga. Na kamo hanya, na ɗauke su. Safiya kaɗai muka shigar asibiti da rai.

Likita ya tallabi kanta zai lanƙwasa, ta ƙwalla ƙara. Aka ɗebi ruwa daga bayanta da allura, ya fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa. Kwana goma sha biyu tana karɓar allura ta jijiya da ƙarin ruwa. Kwana uku na farko ba ta gane mu ba.

Na tambayi likitan batun waya. Ya ce, "Malam, ƙwayar cuta ce. Yaron da bai taɓa ganin waya ba ma tana kama shi."

Da zazzaɓi ya sauka, Safiya ta ƙi tsayuwa. Ƙafafunta sun yi rauni, kuma ta ƙi magana da kowa. Ma'aikaciyar jinya ta ce dole ta fara takawa. Lallashi ya gagara.

Na daɗe da wayar a hannu kafin in buɗe manhajar. Na tsayar da giwa a ƙarshen baranda, bayanta wajenmu, na miƙa wa Safiya. Na ce, "Ta zo duba ki."

Ta kalli allon ta ce, "To mi ya sa ta ba ni baya?"

Na ce, "Kunya take ji. In kina son ganin fuskarta sai kin zagaya."

Ta sauko. Taku shida ta yi, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗaya riƙe da yatsana. Washegari ta kai wajen giwar. Hauwa ta juya fuskarta bango.

Mun dawo gida na tarar da maganar tana nan yadda na bar ta. Wani maƙwabcinmu ya hana 'ya'yansa taɓa waya, ya kwantar da hankalinsa, bai kai ko ɗayansu rigakafi ba. Wannan ne ya fi ɓata mini rai. Na yarda da ƙaddara. Ban yarda a binne 'yata tare da gaskiyar abin da ya kashe ta ba.

Ina gode wa Allah da Ya bar mana Safiya. Ina gode wa likitan da ma'aikatan jinya, da Hauwa, wadda ta gane tun ranar farko, ba wanda ya saurare ta.

Idan yaro ya haɗa zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti a ranar. Duk magidancin da ke aiki nesa, ya ba matarsa izinin asibiti tun yanzu, a gaban 'yan'uwansa. Ku kai yara rigakafi. Ku zauna ku yi wasa da su.

Kunnen Safiya na hagu bai dawo daidai ba, ba mu je gwajin ji a Sakkwato ba tukuna. Ban zauna da Yaya na faɗa masa abin da na rubuta nan ba. Duk Asabar Safiya tana cewa in fito da raƙumin dawan Rukayya. Har yau ban buɗe shi ba.