Alhaji a bayana, daga Maraɗi har Lyon

Maraɗi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka shiga kar, babbar motar Yamai, ni da maigidana Alhaji. An gaya masa ɗanmu Sani, mai karatu a Lyon, ya shiga rawar salsa ta mutanen Amirka ta Kudu, inda wai mace ke juya namiji. Ya rantse in ya gani da idonsa, Sani ya bar karatu ya biyo mu gida.

Paris

Jirgin sama daga Yamai ya sauke mu ƙarfe shida na safe. Alhaji ajami ya iya, ni ce na yi yaƙi da jahilci. Shekara talatin yana gaba ina baya, amma allon farko na metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tsayar da shi cak.

"Hajiya, me ya ce?"

"Ya ce dama."

Ya riƙe gefen mayafina, muka yi dama. Kwana biyu muka yi a Sevran gidan ƙanensa, muna cin tuwon semul. A unguwar Barbès ya gwada shiga gaba, muka wuce shagon waya guda har sau uku.

Lyon

Awa biyu a jirgin ƙasa. Asabar ƙarfe uku Sani ya kai mu ɗakin rawar. Wata ƙatuwar muryar namiji na fita daga akwatin kiɗa kamar mai kuka.

"Me yake cewa?" in ji Alhaji.

"Baba, cewa yake shi ne da laifi, har kwanoni ya wanke, ta yi haƙuri ta dawo."

"Namiji?"

"Namiji. Waƙar da ke biye ta mace ce, ta ce ba ta neman izinin kowa kafin ta taka."

Malamar rawar ta tafa hannu: a sauya, mata su ja maza. Wata siririya ta kama Sani tana juya shi kamar mazari.

Alhaji ya miƙe. "Tattara kayanka. Ɗana ba zai bi mace ba."

Na ce a hankali, "Gaskiyarka, Alhaji. In an tambaye ni dalili a Maraɗi, daga metro zan faro labarin."

Ya dubi mayafina. Ya zauna. Can ya ce kiɗan dai ba laifi, yaro ya ƙarasa karatunsa.

Gida

Mun iso da la'asar. Tun daga tasha Alhaji ya shige gaba yana baza riga, na bar shi, hanyar ba ta da allo. Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da malamar da ta koya mini baƙi da wasali. Wannan labarin ma da boko na rubuta shi.