Gawon da Na Tashi Sarewa

Ranar wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, aka sauke dashen itatuwa daga amalanke a bakin hurumin ƙauyenmu, can gefen Tursa. Hurumin nan fili ne na gari, inda Fulani da mutanen gari ke kiwo tare, amma a lokacin ko sandar kora ba a samu a cikinsa, an sare komai an yi girki. Dattawa suka ce a mayar masa da inuwa, Malam Sahabi na makarantarmu kuma ya ce kowane yaro ya ɗauki dashe guda ya raina. Ni Inna ta aike ni kai niƙan gero, kafin in iso an wawashe mangwaro da dogon yaro da tsamiya. Abin da ya rage wani ɗan tsiro ne siriri mai ƙaya, wai gawo. Ƙawata Luba, rungume da mangwaronta, ta dube shi ta ce, "Ya yi kama da ke, Hajo, ga rama ga tsini." Na yi kwana uku ban yi mata magana ba.

Fushin nan ne ya raya gawon, ba ƙauna ba. Na rantse a zuciyata sai ya fi na Luba. Na jawo ƙayar magarya na kewaye shi saboda awaki, hannuwana duk zane. Da rani ya yi, kullum bayan la'asar sai na ɗebo ruwa a rijiyar bakin gari a tsohuwar jarka, in sha rana har hurumi, ina jin 'yan'uwana suna gaɗa a dandali ba ni. Idan an je cirar albasa a fadama nakan ɗauro busasshen ganyenta a zane in shimfiɗa masa a gindi don laima ta daɗe. Dokar Malam kuwa ɗaya ce: itacen da ya mutu a cire shi a sa dogon yaro, a kuma kira sunan mai shi a gaban layi.

A damina ta uku, ya riga ya fi ni tsawo, sai ga abin da ban taɓa zato ba. Ruwa ya zauna, hurumi ya yi kore shar, itacen kowa ya yi lif, nawa kuwa ya kakkaɓe ganyensa tas. Na kankare ɓawonsa, na ƙara masa taki, shiru. Kunyar a kira sunana ta fi mini mutuwarsa ciwo. Da safe na saci gatarin Baba, na ce gara in sare shi da hannuna in ce shanu ne.

Na ɗaga gatari ke nan sai na ji an ce, "Ke ɗiyata, mi icce ya yi miki?" Baffa Juli ne, wani tsohon Bafulatani da ke da ruga a bayan hurumin. Na ce ya mutu, hawaye na zuba. Ya yi dariya har sai da ya dogara da sandarsa. "Bai mutu ba, kwana shi kai. Gawo da damana shi ka kwana, rani shi ka tashi. Kakanki na da ukku cikin gonatai, hatsi ƙarƙashinsu ya fi ko'ina kyau. Ku ɗiyan yanzu ba ku iske su ba." Ya karɓe gatarin, ya raka ni har gun Malam, ya roƙi a jira kaka.

Aka jira. Ana gama yankan dawa, ciyawa ta bushe, gawona ya fara tofo. Kafin tsakiyar rani ya yi kore kamar an wanke shi. Luba da kanta ta zo ta tsaya a gindinsa, ni kuma na faɗa mata maganganu har na gaji.

Bara na kai 'yata ta ga hurumin. Mangwaron Luba fari suka cinye tun tuni, amma itatuwa da yawa sun tsaya. Kurciyoyi da hasbiya sun cika rassan, an rataya amya biyu a gawona, awaki na tsintar 'ya'yansa, har zomo ya tashi a gabanmu, abin da ban taɓa gani a wurin ba ina yarinya. Rugar Baffa Juli ce babu, sun yi ƙaura lokacin da rashin tsaro ya hana dajin kwanciya, ban ma san ko yana raye ba. Na so ƙwarai ya ga inuwar nan. 'Yata ta cika aljihu da 'ya'yan gawon, wai za ta shuka a makarantarsu. Na ce mata idan ya zubar da ganye da damina, ta ajiye gatari.