Jan Ulu a Jikin Motar Kawu

Jiya iska ta kaɗa wani guntun ulu a igiyar shanya, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A Turai ya yi aiki da masu tseren motoci, shi ke tsara jikin mota yadda za ta keta iska. Da ya dawo unguwarmu ta Gangare wajen shekarar alif ɗari tara da saba'in da takwas, babu mai tambayarsa komai sai tsaraba.

Wata safiya na tarar ya yayyanka jan ulun da nake saƙa, ya mammanna a jikin motarsa tun daga goshi har baya.

Na ce, "Kawu, da hular jaririna kake yi wa mota kwalliya? Girma dai ya faɗi!"

Ya ce, "Shigo, sarkin baki. Leƙa ki gaya mini abin da zaren ke yi."

Muka kama hanyar Bukuru, sanyi na yankar kunnuwana, ga warin fetur. Na ce na gaba sun kwanta luf, na baya kuwa sai rawar hauka.

"To, nan iska ke riƙe mota," in ji shi, idonsa ya ciko. "Aikina ke nan, kuma ke kaɗai kika taɓa gani a gidanmu. Shiga makarantar manya, in nuna miki lissafinsa."

Na shiga, amma ina cikin haɗa baƙi aka kai shi makwanci. Yau na iya lissafi, ga tambayoyi fal bakina, wa zan kai wa?

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya ƙetarar da kai siraɗi da gudun da ya fi na motocinka.