Tsintsiya da Layin da Ya Karkace

Tun tana 'yar shekara shida ake kiranta Tsintsiya, kuma ba a zalunce ta ba. Baƙo ya cire takalmi a bakin ƙofa, kafin ya gama gaisuwa ta jera masa su. Da ta girma abin har kan kujerar babanta ya kai. Shi a karkace yake ajiye ta a falo, ita kuma duk wucewar da za ta yi sai ta miƙar da ita ta fuskanci talabijin. Ya dawo ya karkatar, ta dawo ta miƙar. Sun fi shekara goma a haka, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Allah da ikonsa, sai ta samu aikin da ya dace da cutarta. Kamfanin da ya ɗauke ta yana sa hannu a gyaran kanel, wato babbar manhajar da ke can ƙasa tana tafiyar da kwamfuta, wadda mutane daga ko'ina suke rubutawa tare. Wasu sabon abu suke ƙirƙirowa. Ita shara take yi, kuma da alfaharinta.

Wata Talata ta ci karo da abin da ya kusa sa ta taka rawa a ofis. Idan manhajoji biyu za su yi tarayya a wuri ɗaya cikin ma'adanar kwamfuta, dole wurin ya fara daidai kan wata iyaka, kamar bulo kan igiyar magini. Kowane irin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana da foldarsa a cikin kanel, kuma kowace folda ta rubuta ƙa'idar da kanta: iyaka shafi ɗaya, wato awo guda na ma'adanar. Layi guda tak, an kwafe shi sau ashirin da uku! Ta tattare su ta mayar fayil ɗaya na kowa da kowa. Akwai ɗaya, na wani tsohon firosesa, da ya ce shafi huɗu, babu bayani babu komai. Ta ce hannun wani ne ya zame, ta haɗa da shi ta share.

Babban mai kula da sashen, mutumin da yabo ke masa wuyar fita kamar cire haƙori, ya rubuto cewa aiki ya yi kyau, har yana tunanin damƙa mata kula da wannan ɓangare. Shekara biyar tana jiran wannan magana.

Washegari Kawu ya tsaya a bayanta da kofin shayinsa. Shi ne tsohon makanikin kwamfutocin ofis, kowa Kawu yake ce masa.

"'Yata, huɗun nan da kika share, wa ya ce miki kuskure ne?"

"Haba Kawu, ashirin da biyu fa suka ce ɗaya."

"To ai su ashirin da biyun ba su da ciwonsa."

Ya ja ta zuwa sito, ya ɗage kwalaye, ya zaƙulo wata kwamfuta da ta girmi aurensa. Kwamfutar tana tashi tana tari, shi kuma yana yi wa Tsintsiya bayani. Wannan firosesa yana da 'yan aljihuna da yake ajiye abin da ya karanta, kuma in iyakar ba ta kai shafi huɗu ba, sai ya ajiye abu ɗaya a aljihu biyu. Suka gwada da gyaranta. Manhaja ɗaya ta rubuta bakwai a wurin da suke tarayya, ɗayar ta kafe cewa har yanzu sifili ne.

"Kawu, mutum nawa ma suka rage masu wannan akwala?"

"Ban ƙirga ba. Ko biyar ne, ai injinsu ne."

Ta koma teburinta. In ta yi shiru, ƙila a yi shekara ba wanda ya lura, muƙami kuwa ya daɗe a hannunta. Ta so yin shirun ƙwarai da gaske, kuma ta ji kunyar son. Kafin a tashi aiki ta rubuta wa kowa cewa ta yi ɓarna, ta mayar da huɗun cikin foldar tsohon firosesan, ta sa masa bayani layi uku a sama don kada wata tsintsiyar ta sake bi ta kansa.

Amsar babban ta zo a gajarce: ya gani, batun kula da ɓangare kuma a ɗan dakata tukuna. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba.

Da yamma ta shiga falo, hannunta ya kai kan kujerar da kansa. Har ta ɗaga ta, sai ta tsaya.

"Baba, wai me ya sa kake karkatar da kujerar nan?"

Babanta ya sauke tabarau ya dube ta, ya yi dariya.

"Sai yau? Kunnen hagun nan ai ya daɗe da yin ritaya. In na karkata, ina jin hirarku ke da mamarki. Ban faɗa ba ne don kada ku fara yi mini ihu."

Ta ajiye kujerar a karkace yadda ta same ta. Ta zagaya ta damansa ta zauna, ta fara ba shi labarin huɗun tun daga farko.