Takardun Cikin Gafaka

Ban yi kuka ranar da Baba ya rasu ba, ban yi ranar uku ba, ban yi ranar arba'in ba. Mata na shigowa gaisuwa suna leƙen idona, ni kuma ina miƙa musu ruwa. Wata gwaggona har ta ce, "Ke kam anya zuciya gare ki?" Ban ji haushi ba. A lokacin ba abin da nake ji. Ko abinci sai an tuna mini, in na ci kuma kamar dusa nake taunawa.

Aikin Baba shi ne buɗe ƙofar ruwa da rufewa a kanal ɗin da ya ratsa bayan ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Manoman rani sun san shi da ƙarfen murɗa ƙofa a kafaɗa. Mutanen birni kuwa da waƙa suka san shi. Ya yi wa shinkafa waƙa, ya yi wa sauro, ya yi wa tumatirin da ke ruɓewa a bakin titi ba mai saye, an kuma sha karanta su a rediyo. A gida ba wanda ya ɗauki abin da nauyi. Inna cewa take, "Malam da rubuce-rubucensa," kamar yadda ake faɗin mutum da gyambonsa.

Bayan arba'in wata malama ta zo daga jami'a a Kano. Ta ce suna so su adana takardunsa don masu nazari. Da yake ni ce mai koyarwa a gidan, sai aka ɗora mini. Na buɗe adakarsa na tarar da littattafan rubutu irin na 'yan firamare, da wasiƙun abokansa marubuta, da baitoci a bayan takardar irin albasa, duk suna warin taki. Na zauna na ware su kamar mai tsintar shinkafa, na zuba a kwalaye, malamar ta sa a mota. Ko baiti ɗaya ban tsaya karantawa ba.

An ɗan kwana biyu, sai ta kira ni ta ce in zo in ga inda aka ajiye su. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga. Kowace takarda an ba ta lamba an sa ta a jakarta. Sai da na sa hannu a rajista, na wanke hannu, kafin a bar ni in taɓa takardun da a da Inna ke fifita wuta da 'yan'uwansu. Na ce a raina, Baba, ashe sai da ka tafi aka ba ka ɗaki mai sanyi.

Malamar ta ciro wata wasiƙa da Baba ya taɓa aika wa wani abokinsa a Zariya, wanda su ma nasa takardun suna wurin. A ciki Baba ya gaya masa cewa waƙoƙinsa da suka fi kyau ba wanda zai gan su. Na matarsa ne. Da ajami yake rubuta su, da tawada da alƙalamin kara, yana ajiyewa a gafaka. Tun farkon aurensu yake yi. Ita ba ta karatu, shi kuma kunya ba ta barinsa ya karanta mata. In ta tambaya sai ya ce addu'a ce yake yi mata.

"Waɗannan nake nema," in ji malamar. "Ba su cikin kwalayen. In suka ɓace, rabin mutumin muka ajiye."

Na san gafakar. Tana rataye a ɗakin Inna, sama da gadonta. Na yi wa malamar alkawarin kawowa ranar Litinin.

Juma'a da la'asar na iso gida. Inna tana cikin takaba, sauranta 'yan kwanaki ta fita. Na same ta a tsakar gida tana yanka tumatir don shanya. Na shiga ɗaki na sauko da gafakar. Fatar ta buɗe, ta yi ciki, alamar ta daɗe tana ɗauke da kaya mai kauri. Amma da na zura hannu, warƙa uku na ciro.

"Inna, ina sauran takardun nan?"

"Na sha," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Kin sha?"

"Tun kwana bakwai barci ya ƙaurace mini, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Sai na tuna da addu'o'in nan. Kullum da safe nakan jiƙa ɗaya a ƙoƙo, in yi bismilla in sha. Ai da bakinsa ya ce tawa ce."

"Takardun fa, bayan kin wanke?"

"Suna gindin zogale, na binne. Da sunan Allah a jiki, ba a yarwa."

Ba ta yi wani abin mamaki ba. Kowa a garinmu ya sha rubutu. Duk takardar da ta fara da bismilla, aka rubuta ta da tawada, aka ajiye ta a gafaka, mai ita kuma ya ce addu'a ce, me za a yi da ita in ba sha ba? Na dubi ƙoƙon da ke kife a bakin randa, cikinsa ya yi baƙi. Ya kamata in ji haushi, ko in ji tausayi. Na nemi ɗaya daga ciki ban samu ba, sai na zauna a kan turmi.

Baba ne ya koya mini ajami, don haka na ɗauki warƙar farko na fara karantawa da ƙarfi. Labarin wata amarya ne tana tahowa a gefen kanal da kwanon abinci a ka, tana taka gaɓa a hankali don santsi. Mai jiranta yana riƙe da ƙarfe, lokacin rufe ƙofa ya yi, amma ya ƙi juyawa don kada ya daina kallonta, har ruwa ya haye kunyoyin gona.

Wuƙar Inna ta tsaya.

"Wannan ai ba addu'a ba ce."

"A'a, Inna. Waƙa ce. Duka waƙoƙi ne, ke ya yi wa."

Kaza ta zo ta ɗauki tumatir a gabanta ba ta kore ta ba. Can ta ce, "Ashe shi ya sa ruwa ya cinye albasar mutane shekarar da aka kawo ni. Har gida aka zo aka yi masa tas. Ya ce ƙofa ce ta cije." Ta goge hannu a zane. "Karanto sauran."

Na karanta. Ɗaya a kan haihuwata ce, ɗayar a kan furfurarta. Da na gama na gaya mata mutanen jami'a na so, na ma yi alkawari.

"To, kai musu," ta ce. "Su ne masu karatu." Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yanka. Sai na ji ta ce, ba da ni take ba, "Gobe kuma sai in sha ruwa haka nan."

Wayata tana hannuna. Ɗaukar hoton warƙa uku ba zai ci minti ɗaya ba, kowa ya samu nasa. Amma na ga wasiƙar da idona, Baba ya ce ba wanda zai gan su. Na mayar da wayar jaka. Har yau ban sani ba ko daidai na yi, kuma malamar tana da gaskiya in ta riƙe ni da abin.

Asabar Inna ta sha ta furfura, Lahadi ta sha ta haihuwata. Kafin kowace sai ta sa na sake karanta mata sau biyu. Litinin da safe na shirya, na sa gafakar a jaka ba komai a cikinta, don ita kaɗai zan kai Kano a ba ta lamba. Inna ta ce in wanke mata ta ƙarshen. Na tsoma takardar a ƙoƙo. Rubutun Baba ya saki a hankali, layi bayan layi, ruwan ya yi baƙi, takardar ta koma fara.

Ta yi bismilla ta sha rabi, ta miƙo mini sauran.

"Sha. Babanki ne."

Na sha. Gawayi ne da ƙaro, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Tun ranar da ya rasu, shi ne abu na farko da na ji ɗanɗanonsa a bakina.